Hawan hasumiyar Nieuwe Kerk a dandalin Delft

Wanda ya isa dandalin Markt da ke tsakiyar birnin Delft a ƙasar Holan, ina ba shi shawara ya sayi tikitin shiga cocin Nieuwe Kerk haɗe da na hawan hasumiyarta, domin kuɗin ba su tafi a banza ba. Tsayin hasumiyar ya kusa mita 109, kuma sai mutum ya taka matakala 376 masu ƙunci da murɗewa kafin ya kai sama, saboda haka mai ciwon gwiwa ya haƙura. Daga can ake hango dandalin gaba ɗaya, da zauren birnin da Hendrick de Keyser ya sake ginawa bayan gobarar 1618, da mutum-mutumin masanin shari'a Hugo de Groot.

Abin da ya fi ratsa ni a cikin cocin shi ne kabarin Willem na Oranje, jagoran tawaye ga mulkin Sifaniya, wanda aka harbe a 1584. A ƙarƙashinsa ake binne 'yan gidan sarauta, amma ba a buɗe wa baƙi wurin. Ranar Alhamis kasuwa ke ci a dandalin, ita ce ranar da na fi so.