Bitar mhGAP da anka yi muna a Sakkwato: inda ta yi kyau da inda ta gaza

Abokan aiki sun dame ni da tambaya a WhatsApp kan bitar nan ta lafiyar ƙwaƙwalwa da anka kira mu, wai akwai abin ƙaruwa cikinta ko dai ɓata lokaci ne mutum ya bar asibiti ba kowa. Na ƙi cewa komai sai da na koma bakin aiki na ɗan kwana biyu ina gwada abin da anka koya muna, don ba a zauren bita ake gane amfanin bita ba. Amsata a taƙaice: in an kira ka, je ka, ko da kuɗin motarka ne. Amma akwai gyara, kuma gyaran ba ƙarami ba ne.

Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, ƙaramin asibiti a wajen gari. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta ɗauki nauyin bitar, an haɗa mu da nas-nas da ungozomomi da 'yan CHEW (ma'aikatan lafiya na cikin al'umma) daga ƙananan hukumomi daban-daban. Abin da anka koyar sunanshi mhGAP, shiri ne na Hukumar Lafiya ta Duniya da ta fito da shi a 2008, littafin aikin ya fito a 2010, anka sabunta shi a 2016. Manufar ita ce wanda ba likitan ƙwaƙwalwa ba ya iya gane ciwon, ya fara magani, ya kuma san lokacin da abu ya fi ƙarfinshi ya tura gaba. Dalili kuwa a fili yake, duk Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, mu nan muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware da sashen da ke UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, to amma jiha mai ƙananan hukumomi 23, mutumin Isa ko Sabon Birni ko Kebbe ka ce mashi ya ɗauko marar lafiya zuwa Kware duk wata, da wanga tsadar mota da halin da hanya take ciki, ai ka san zuwa ɗaya zai yi ya haƙura.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba karatun majigi anka cika mu da shi ba. Kwaikwayo munka fi yi. A fito da mutum biyu, ɗaya marar lafiya ɗaya ma'aikaci, sauran na kallo. Wata ungozoma ta fito a matsayin dattijuwa mai ciwon kai, ta zauna ta rufe rabin fuska da mayafi tana kallon ƙasa, abokin aikinmu ya jawo kati, kafin ta rufe baki har ya fara rubuta magani. Likitan da ke koyar da mu ya ce, "Malam, ajiye biron nan tukun. Juyo da kujerarka. Tambaye ta barci." Sai ya ce, "Inna, yaya barcinki?" Ta ce rabon ta da barcin kirki tun kafin azumi. "Abinci fa?" Sai an matsa mata. "Biki da suna kina zuwa?" Ta ce ba ta son ganin mutane. Zauren ya yi tsit, don kowa cikinmu ya san wagga matar, kullum tana kan bencinmu.

Nan ne darasin ciwon damuwa ya zauna mini. Mutanenmu ba su zuwa su ce ina cikin baƙin ciki, sai dai kaina na zafi, gabana na faɗuwa, wani abu na yawo a jikina, ba ni da ƙarfi. An koya muna a nemi abu biyu da sunka kai aƙalla mako 2: ƙuncin zuciya kusan kullum, da fitar sha'awar abin da mutum ya saba jin daɗinshi, har ya kai aikin gida ko sana'a na gagara. Kafin ka yanke, duba ƙarancin jini da rashin abinci mai gina jiki da ciwon maƙoƙo, ka tambaya ko an yi rasuwa kwanan nan. Kuma wajibi ka tambayi dangi ko mutum ya taɓa shiga wani yanayi na rashin barci da yawan surutu da ɓarnar kuɗi, don irin wannan in ka ba shi maganin ciwon damuwa irin amitriptyline ko fluoxetine kaɗai kana iya tayar mashi da wancan yanayin. Maganin ma sai ya yi makonni kafin a ji aikinshi, in ba ka faɗa ma marar lafiya haka tun farko ba, kwana uku zai jefar ya ce bai karɓe shi ba.

Da na koma na ga amfanin wannan a kan wata baiwar Allah da 'yan bindiga sunka tada ƙauyensu, tana zaune gun dangi. Ta zo da leda cike da kwalayen maganin taifot da maleriya da olsa daga kyamis-kyamis, har ƙarin ruwa an yi mata. Na sa anka fitar da masu rakiya saura ƙanwarta, na yi mata tambayoyin nan a hankali, ta daɗe ba ta ce komai ba sannan ta fara kuka, ta ce tunda abin ya faru ba wanda ya tambaye ta yadda take kwana. Yanzu tana zuwa, ta koma yin ƙuli-ƙulinta. Ban ce ta warke sarai ba, amma ledar magungunan nan ta daina girma.

Darasin farfaɗiya kuwa shi kaɗai ya isa a je dominshi. Ba a ɗaukarta ta miyau, ba a cusa cokali a baki, ba a danne mutum ko a ɗura mashi ruwa ko manja, a kwantar da shi ta gefe a kau da wuta da duk abin da zai ji mashi rauni, a duba agogo, in ta wuce minti 5 abin gaggawa ne. Sun tsaya sosai kan rarrabewa: yaro mai zafin jiki da jijjiga ka fara tunanin maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau, balle lokacin zafin nan namu, mai ciki kuwa ka auna hawan jininta tukun, don jijjigar masu ciki maganinta daban. Kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya suna iya daina faɗuwa in suna shan magani ba fashi, kuma phenobarbital da carbamazepine ba wasu magungunan masu kuɗi ba ne. An ja kunnenmu kan valproate, wani maganin farfaɗiya, ga macen da ke iya ɗaukar ciki. Ka tuna 'yan matan da anka cire daga makaranta ko aurensu ya mutu kan wanga ciwon, wallahi abin na ci mini rai.

Kan taɓin hankali mai tsanani, na ji daɗin yadda ba a zo ana zagin malamai da masu ruƙya ba. Likitan ya ce kada ku ce ma dangi su bar addu'a, ku ce a haɗa da magani, abin da za ku tsaya a kai shi ne mari da duka da horon yunwa. Ya kawo misalin Farfesa Lambo da ya fara kula da marasa lafiya cikin gidajen ƙauyen Aro a Abeokuta tun 1954 tare da danginsu. An kuma gaya muna dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, yawancinmu ranar munka fara jin labarinta. Sai batun illar haloperidol, maganin taɓin hankali, wato sanƙarewar wuya da rawar hannu, wanda in dangi sunka gani ba a yi masu bayani ba sai su ce ga shi nan iskokin ba su son maganin asibiti. Maganin illar shi ne benzhexol, wanda samari ke sha da sunan Exol, don haka a hannun babba ake ba da shi kuma da lissafi.

Tambayar da ta fi yi muna nauyi ita ce ta kashe kai. Wasu sunka ce a garin Shehu ka dubi musulmi ka tambaye shi haka? Wata nas cikin masu koyarwa ta ce tambayar ba ta sa ma mutum tunanin, sau da yawa sauƙi ma take kawo mashi, ta nuna muna yadda ake hawa a hankali, daga "kin taɓa jin rayuwar ta ishe ki?" har zuwa ko akwai shiri. In akwai, ba a barin mutum shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin ƙwarin gona daga gidan, kuma ba a ba shi amitriptyline mai yawa a hannu.

To sai inda anka gaza. Lokacin ya yi kaɗan, shaye-shaye da matsalolin yara da ruɗewar tsufa duk a gurguje anka bi ta kansu ranar ƙarshe mutane na duba agogo. Shaye-shaye fa, a ƙasar da binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya, ga tramadol ga sholisho a kowace unguwa, uwa ta kawo maka ɗanta tana kuka, abin da na fito da shi daga bitar bai wuce in yi nasiha in rubuta takardar Kware ba. Haka batun firgici da makokin waɗanda anka kashe ma mutane ko anka sace, akwai littafin mhGAP na musamman na wuraren rikici da ya fito a 2015, ba a taɓo shi ba sam, alhali gabashin jihar nan shi ya fi buƙata. Littafin aikin da Turanci yake kuma kwafin bai isa ba, an ce mu sauke manhajar a waya, ita kam kyauta ce kuma tana da sauƙin bi. Masauki da abinci ba laifi.

Babbar matsalar tana bayan an watse. An ce za a riƙa zagayowa ana duba aikinmu, har yau ba mu ga kowa ba, sai guruf na WhatsApp da likitan ke amsawa in ya samu sarari, Allah ya saka mashi, amma mutum ɗaya ne. Magungunan da anka koya muna babu ko ɗaya a sito, sai ka rubuta a tafi gari a saya, wanda ba shi da hali ya sha na wata ɗaya ya tsaya, mai farfaɗiya kuwa tsayar da magani kwatsam haɗari ne gare shi, faɗuwar na iya dawowa fiye da da. Rijistarmu ma ba ta da gurbin kirki na waɗanga cututtuka, to in ba a rubuta ba wa zai san ana buƙatar maganin balle a sa shi a kasafi? Wannan ya fi komai ɓata mini rai, ka koya ma mutum gane ciwo, jama'a su fara yarda su fito da wanda sunka ɓoye a ɗaki shekara da shekaru, sannan ka bar shi da biro da takarda.

In maki ne, koyarwar na ba ta 9 cikin 10, abin da ya biyo baya 3. Shawarata ga in-caji da za a ce ya turo suna: kada ka tura wanda ke jiran canjin wurin aiki, ka nemi a ba ka gurbi biyu, kuma ɗaya ta kasance mace, ungozoma in da hali, don a wurin awo da jego ne ciwon damuwa ya fi ɓuya kuma akwai maganar da matanmu ba su faɗa ma namiji ko da likita ne. Waɗanda za su je kuma, tun ranar farko ku tambayi masu shirin wa zai kawo magani, wa zai zo dubawa, kuma lambar wa za ku kira in marar lafiya ya rikice da dare, ku sa a rubuta maku amsar kafin a raba satifiket.