Haɗin Tsohon Bango da Sabo a Kicin: Ragar Waya ko Silikon?

Hajiya daga Gusau ta tambaya: an faɗaɗa mata kicin, sabon bulo ya haɗu da tsohon bangon laka, ga kuma tayil da zai gamu da kantar girki. Sau biyu birkila yana cike mahaɗar bulon da lakar da siminti tana sake tsagewa. Me za a yi?

Hajiya, laifin ba na siminti ba ne. Laka tana shan danshi da damina ta kumbura, hunturu ya zo ta tsuke, bulo kuwa motsinsa kaɗan ne. Ko sau goma aka cike wurin, sai ya buɗe.

Ragar waya, irin ta kejin kaji, ita ce ta mahaɗar bulo da laka. A kankare tsohon shafe, a shimfiɗa ragar ta hau kowane ɓangare da inci 6, a kafe ta da ƙusa duk bayan inci 6. A wajen laka ƙusar ta zama doguwa, inci 3 ko 4, don gajera ba ta kamawa. A yayyafa ruwa, sannan a shafe da kwano 1 na siminti cikin kwano 5 na yashi mai laushi. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Nan ne aka fi yin sakaci: a zafin Afrilu filasta kan bushe kafin ta yi ƙarfi, sai ta farfashe. Raga tana rarraba motsin ne, ba ta hana shi, don haka siririn layi na iya fitowa daga baya, wanda fenti zai rufe. Kada a ɗora tayil a kan wannan mahaɗar.

Silikon kuma, wato gam mai kama da roba da ake matsowa don toshe tazara, na wurin ruwa ne: inda tayil ya gamu da kanta, da bakin wurin wanke-wanke, da kusurwa. A bar tazarar milimita 3 zuwa 5 babu siminti a ciki, a goge ƙura da maiƙo, wurin ya bushe sarai. A matsa shi, a lallashe da jiƙaƙƙen yatsa, kada ruwa ya taɓa shi sai bayan awa 24. A nemi wanda aka rubuta yana hana fumfuna. Fenti ba ya kama shi, kuma a jikin laka ba ya mannewa ko kaɗan.

Idan tsagar ta kai a cusa yatsa, ko tana ƙara faɗi, a fara duba tushen ginin kafin a sayi ko ɗaya.