Manhajar sa wa kaya inuwar gilashi: ta yi wa kwalba, ba ta yi wa takalmi ba

Idan kwalabe kike sayarwa, turare ne ko humra ko man shafawa, manhajojin nan da ke sa wa hoto inuwa a ƙasa kamar an ɗora kaya a kan gilashi za su yi miki amfani. Idan kuwa takalma ne ko jakunkuna ko kulolin abinci, ki adana datarki. Na jima ina aiki da ɗaya daga cikinsu a wayata ta Android, da ita nake gyara hotunan kayan da nake sarowa a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi kafin in sa su a WhatsApp da Instagram daga nan Tudun Wada. Irinsu sun cika Play Store, kuma waɗanda na gwada duk hanyarsu ɗaya.

Aikin ba wani sirri ba ne. Ki ɗauki hoton kwalbar, ko a kan tabarma ne, manhajar ta share duk abin da ke bayanta, ta kwafe ta, ta kifa kwafin kai ƙasa, ta manna shi a gindin ta asalin. Sai ta rage masa ƙarfi yadda zai yi ta dushewa har ya ɓace, ta ɗan hautsina shi kaɗan don kada ya fito tas. Masu Photoshop sun daɗe suna yin haka da hannu, PowerPoint ma yana da shi tun Office 2007, kuma salon ya yi tashe tun da kamfanin Apple ya sa salon Cover Flow a iTunes, manhajarsa ta sauraron waƙoƙi, a 2006, inda hotunan faifai ke jere kamar a kan baƙin gilashi. Abin da manhajar ta ƙara shi ne sauri. Da kuɗin wata-wata za ki iya zuba mata hotuna da yawa lokaci guda, kafin ki sauke tukunya ta gama. Ta kyauta kuwa ɗai-ɗai take yi, ga tambari a kusurwa.

A kan kwalba, gaskiya ta burge ni. Kwalba a tsaye take, gindinta a shafe, gaba da baya kusan ɗaya, don haka kifaffen hotonta ya yi daidai da abin da ido zai gani a kan gilashi na gaske. Har rubutun Larabcin da ke jikin kwalaben turaren Dubai yana fitowa a kife yadda ya kamata. Hoton da na ɗauka a tsakar gida sai ya koma kamar na kanti, kuma masu tambayar farashi sun daina cewa in sake turo wani "mai haske".

Amma da sharaɗi: sai kin durƙusa kin sa wayar daidai tsayin kwalbar. Da zarar kin ɗauka daga sama, gindin kwalbar zai fito a lanƙwashe, kwafin kuma ya lanƙwashe ta ɗaya ɓangaren, su haɗu a wuri ɗaya tak a tsakiya, gefe da gefe a buɗe. Kwalbar sai ta zama kamar tana lilo a iska.

A nan takalmi yake faɗuwa, kuma ba batun canza manhaja ba ne. Inuwar gaske a kan gilashi tana nuna abu ne kamar daga ƙasa ake kallonsa, wato tafin takalmin da ƙarƙashin dunduniyarsa za ki gani. Ita kuwa manhaja ba ta taɓa ganin tafin ba, abin da ke cikin hoton kawai take da shi, sai ta maimaita miki saman takalmin har da cikinsa a ƙasa. Ga shi kuma takalmi a karkace ake ɗaukarsa don ya yi kyau, yatsu a gaba, dunduniya a baya, sai inuwar ta taɓa gaban ta bar bayan a rataye. Mai saye ba lalle ta iya faɗin abin da ya ɓaci ba, amma za ta ji hoton bai kwanta mata ba, kuma wadda ta fara zargin hoto, zargin kaya ne zai biyo baya. Haka jaka mai hannu, haka kula idan murfinta ya fito a hoton.

Akwai kuma kwalba mai garai-garai. Manhajar tana share bayan kwalba, ba ta share abin da ake hangowa ta cikinta, don haka launin tabarmarki zai zauna a cikin humrar, inuwa kuma ta ninka shi. Farin kwali ko farin bango ya magance wannan.

Saitin inuwar da manhajar take zuwa da shi ya yi ƙarfi a ganina, kayan sai su zama kamar biyu ake sayarwa. Ina rage shi sosai, in kuma gajarta inuwar kada ta wuce kashi ɗaya bisa uku na tsayin kwalbar. Baƙin bango ya fi fito da ita, sai dai idan an matse hoton wajen turawa, dushewar kan koma layi-layi. Maɓallin HD da WhatsApp ya kawo a 2023 yana rage wannan.

Manhajar tana da wani sashe na inuwar ruwa mai igiyoyi. Na gwada shi a hoton gadar kogin Kaduna don nishaɗi, ya ba ni ruwa mai sheƙi da ko a rani ban taɓa ganin kogin da shi ba. Na yara ne.

Takalma da jakunkuna yanzu a kan baƙin tayil mai sheƙi nake ɗaukarsu, guda ɗaya babba da na saya wajen masu kayan gini. Inuwarsa ta gaske ce, kuma tana ƙara fitowa idan kin yi ƙasa da wayar. Wahalarsa ƙura, musamman da hunturu, sai kin goge kafin kowane hoto. Kuɗin wata-watan kuwa ina biya ne kawai idan sabbin kwalabe sun iso da yawa, kamar gab da sallah, sauran watanni ta kyautar ta ishe ni.