Kundin aikin gida na 'yan firamare da na saya lokacin dogon hutu

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tun watan Agusta nike cewa zan rubuta wanga sharhi Allah bai nufa ba sai yau. Wata baiwar Allah ce ke saida kundin ta WhatsApp, ka tura kuɗi ta turo maka shi a waya kai kuma ka je ka buga. Ni naira 4,000 na biya na aji biyu da na aji biyar, don ina da ɗiya biyu a firamare, babbar mace ce tana aji biyar, ƙanenta yana aji biyu. Abin da ba ta gaya min ba shi ne kuɗin bugawa, wallahi da na je shagon kwamfuta nan unguwar Mabera cikin Sakkwato sai da na kashe fiye da kuɗin kundin kansa, ga shi ranar ba wuta da janareta anka buga. To duk mai son saye ta sa wannan cikin lissafinta tun farko, kuma kar ta buga duka, zan faɗi dalili.

A ciki akwai lissafi, Turanci, Hausa, kimiyya da ilimin zamantakewa, an raba shi mako shida, kowace rana shafi biyu da wani ɗan aiki na hannu. Mu bayan karin kumallo muke zama kamar minti 40, kafin su gudu waje, don da la'asar akwai Islamiyya ba na haɗa musu biyu.

Lissafin shi ne ya biya ni kuɗina. Yaron nan shekara guda yana rubuta 41 a madadin 14, malamarsu ta yi ta fama, ni ma na yi faɗa har na gaji. Kundin ya ce a samo tsinken tsintsiya a ɗaure su goma-goma da zare, ɗauri ɗaya da tsinke huɗu sha huɗu ke nan, ɗauri huɗu da tsinke ɗaya arba'in da ɗaya. Kwana uku munka yi muna wannan a tsakar gida, tsintsiyata sabuwa ta ƙare amma yaro ya gane, yanzu in zai ɗebe 8 daga 23 da kansa yake kwance ɗauri ɗaya, ashe abin da malamai ke kira "aro" ke nan, ni kaina sai ranar na fahimci mi ake arowa. Ita kuma babbar an ba ta wasan kanti, ta jera gwangwanayen madara da kwalin ashana ta sa musu farashi, Babansu ya zo saye da takardar 1,000 ta ba shi canji. Rabi da kwata kuwa da kankana munka yi shi, an yanka takwas, ta ci uku, na ce saura nawa cikin nawa. Sai dai fa akwai kuskure a shafin amsoshi, 7 sau 8 an rubuta 54 alhali 56 ne, yarinya ta yi daidai na kusa yi mata faɗa, Allah ya sa na ƙirga da kaina. Daga nan na daina yarda da shafin amsar ido rufe.

Kimiyyar ma ba laifi. Mun shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya cikin kwali mai duhu, cikin kwana huɗu duk sun tsiro amma na cikin duhu ya yi tsawo siriri, fari fat kamar mai ciwo, kullum da asuba kafin su wanke ido sai sun leƙa. An kuma ce a kafa sanda a auna inuwarta da safe, da azahar da la'asar, kakarsu tana zaune ta ce to ai da haka suke gane lokacin salla tun kafin agogo ya yawaita, da ƙafa ake aunawa. Na gishiri ne kawai ya ba mu wahala, a narkar da gishiri a faranti a bar shi a rana ruwan ya ƙafe, mu kuma damina ce, sau biyu ruwan sama na cika farantin. Wannan aikin watan Afrilu ne, da zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 yini ɗaya ya isa.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Sashen Hausa gaba ɗaya babu haruffa masu lanƙwasa, ba ɓ ba ɗ ba ƙ. Ta yaya za ka koya wa ɗan aji biyu karatu ka rubuta mai baki da baƙi iri ɗaya, ko kafa da ƙafa? Da biro na bi shafi-shafi ina sa musu ƙugiya, na yi wa matar magana ta ce wai kwamfutarta ce ba ta da su. Turancin kuma ka gani ka san daga wani wuri anka kwaso shi, ana tambayar yaro ya zana tufafin da ake sawa lokacin dusar ƙanƙara, yaron da ko hazon hunturu ne kawai ya sani. Na bar shafin, na ce su zano min damina da kaka da ɗari da bazara da abin da ake ci a kowanne, su rubuta sunayen da Turanci, ya fi musu daɗi nesa ba kusa ba.

Ilimin zamantakewa duk hadda ce, jihohi 36 da manyan biranensu, ƙananan hukumomi 774, launin tuta, shi ke nan. Ba laifi ba ne tunda ana tambayarsu a jarrabawar shiga sakandare kuma babbar baɗi za ta zauna, amma ko layi ɗaya babu a kan garin da yaro ke ciki. Ni na ƙara musu cewa an ƙirƙiri jihar Sakkwato a 1976, anka cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, yanzu muna da ƙananan hukumomi 23. Ranar wata Alhamis Babansu ya kai mu Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, ya ba su labarin jihadin Shehu na 1804 da yadda Muhammadu Bello ya gina garin a 1809, kakarsu kuma ta ɗora da Nana Asma'u ɗiyar Shehu da ƙungiyarta ta karatun mata, 'yan taru, yadda shugabanninsu da ake kira jajis ke tahowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata a gida. Babbar ta dawo ta cika shafi guda da hannunta, abin da ko da alawa ban taɓa samu ta yi ba.

In za ki saya ki buga lissafi da kimiyya kawai, sauran ki duba a waya ki tsinci abin da ya yi miki. Kuma kar ki ce za ki miƙa wa yaro takarda ki shiga kicin, na gwada ranar da nike da baƙi, na fito na iske ƙaramin ya yi jirgin sama da shafin Laraba, babbar kuma ta kwafe amsoshi daga bayan kundin. Yanzu shafin amsar yana cikin jakata, kuma mako huɗu da rabi munka iya yi cikin shidan aka koma makaranta.