Ɗan kwangilar da ya gyara gidan Hajiyarmu a Ɗorayi: hannunsa na da kyau, riƙon kuɗi ne matsalarsa

Tun da aka kammala gyaran gidan Hajiyarmu a Ɗorayi mutane ke tambayata wanda ya yi aikin, kuma ko su ba shi nasu. Amsar ba ta faɗuwa a tsaye a ƙofar masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Ba zan ambaci sunansa ba, don mun yi rigima mun kuma sulhunta, magidanci ne mai iyali. A unguwa Injiniya ake ce masa, amma ba shi da takardar injiniya. Birkila ne da ya daɗe a sana'ar har ya tara yara: kafinta, mai wayarin, mai famfo, mai tayil. Ga irin gyaranmu, gidan ƙasa ba bene ba, wannan ya wadatar. Wanda zai ɗora bene kuwa, ya nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, kada ya yi wasa da rayukan iyalinsa.

Gidan ɗaki 3 ne da falo da kicin da banɗaki 2. Abin da muka nema shi ne a cire tsohon kwano, a ƙara wa bango tsayi da layi 3 na bulo, a zuba linta, a yi sabon rufi da silin, a sake filasta, a sa tayil, a canja wayoyin wuta da bututun ruwa. A watan Disamban 2023 muka yi ciniki, kaya da aiki duk a hannunsa, a kan naira miliyan 7 da dubu 400. Yayana ya dage sai an rubuta komai filla-filla, yana kafa hujja da aya ta 282 a Suratul Baƙara. Takardar ta faɗi buhun siminti nawa da farashin kowane buhu, rodi nawa kuma mai wane kauri, kwano mai wane kauri, da matakin da aiki zai kai kafin a saki kowane kaso na kuɗi. Muka sa hannu, shaidu biyu suka sa. Na ba shi kafin alƙalami na miliyan 4, aka kuma rubuta ƙarara cewa a cikinsa zai sayi siminti buhu 150 a kan 5,300 kowane, da rodi duka, da bulo da yashi da tsakuwa. Alƙawari shi ne Hajiya ta dawo ɗakinta kafin azumi.

Ta fuskar aiki, mutumin nan ya san abin da yake yi. Ranar da aka kawo bulon farko ina wurin. Ya ɗauki guda ɗaya daga tsakiyar mota, ba daga sama ba, ya ɗaga shi daidai ƙugunsa ya saki. Bulon ya dagargaje kamar ƙuli-ƙulin da aka taka. Bai ko ɗaga murya ba, ya ce wa direba ya juya da kayansa. Bayan nan ya yi min bayani cewa masu gidan bulo da yawa suna cika yashi don su fitar da bulo mai yawa daga buhu ɗaya, mai saye kuma ba ya gani sai damina ta tona. Ya koma wani gidan bulon da ya fi tsada kaɗan, bai nemi in cika masa ko kwabo ba.

Haka da aka zo filasta. Lokacin hunturu ne, iska busasshiya, kuma duk wanda ya taɓa gini a Kano ya san yadda filastar hunturu ke tsattsagewa idan ta bushe da gaggawa. Ya ware yaro guda aikinsa kawai yayyafa wa bango ruwa safe da yamma. Lintar ma an kwana bakwai ana ba ta ruwa kafin ya yarda a ɗora mata komai. Wajen kwaɓi, da kwanon sarki ake auna yashi, ba da ido ba. Yau idan ka sa ƙusa ka karci bangon falon, sai dai ƙusar ta bar farin layi, yashi ba ya zubowa. Mai tayil ɗinsa ma gwani ne. Da ya gama banɗaki ya ce in kawo bokitin ruwa in sheƙa a bakin ƙofa. Ruwan ya gangara gaba ɗaya zuwa magudana, ko ɗigo bai kwanta a lungu ba. Na bi tayil ɗin falo ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da makulli, guda biyu ne kawai suka yi ƙarar fanko, ya sa aka ɓanɓare aka sake su a ranar.

Matsala ta fara ne a ƙarshen Janairu. Aiki ya soma jan ƙafa. Yau babu siminti, gobe Injiniya ya je kasuwar kayan gini ta Kofar Ruwa bai dawo ba, jibi wayarsa a kashe. Na shiga ɗakin da muka ware don ajiyar kaya, na ƙirga fankon buhunan da aka yi amfani da su da waɗanda suka rage cike. Duka-duka 60 ne. Sauran 90 ba su taɓa shigowa gidan ba.

A daidai wannan lokacin ne kasuwa ta haukace. Dama tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni, kayan gini suke hawa. Amma a Fabrairun 2024 siminti ya yi tsallen da ba a saba gani ba, a wasu garuruwan buhu ya haura naira dubu 10. Har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka sanar cewa buhu mai kilo 50 zai tsaya tsakanin dubu 7 zuwa dubu 8. Rodi da kwano su ma suka bi dala.

Sai ga shi ya zo da takarda, yana neman ƙarin miliyan 1 da dubu 600. Ya ce, "Yallaɓai, kai ma kana gani a kasuwa. Ba ni na ƙara ba."

Na ce, "Injiniya, gaskiya ne ba kai ka ƙara ba. Amma kuɗin buhu 150 na ba ka tun Disamba. Ina 90 suke?"

Ya yi shiru, daga baya ya ce zai yi bayani. Bayanin bai zo daga bakinsa ba, daga leburorinsa ya zo. Wata ranar Alhamis da yamma su huɗu suka tare ni a ƙofar gida, suka ce sati biyu ke nan ba a sallame su ba. Ɗayansu, yaro matashi da ke zuwa daga wajen Kumbotso, ya ce kuɗin motar komawa gida ma aro yake yi. A nan na ji cewa yana da wani aikin a wata unguwa da mai shi ya riƙe masa kuɗi, sai ya ɗebi namu ya toshe can, da niyyar idan can ta biya ya dawo ya sayi namu kayan. Kafin can ta biya, siminti ya kusa ninkawa. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a cikin masu ƙananan kwangila, kuma da yawansu ba sa ɗaukarta cin amana, a ganinsu juya kuɗi ne. Ni a wurina cin amana ce. Abin da ya fi ƙona min rai ma ba simintin ba ne, yaran nan ne da suka wuni suna ɗaukar kwaɓi a ka, an kuma hore mu da a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Na sallame su daga aljihuna a daren, na rubuta adadin, suka sa hannu, na ajiye don a cire a kuɗin aikinsa.

'Yan uwa sun ba da shawarwari iri-iri. Akwai wanda ya ce a kai shi wurin 'yan sanda a kulle shi kwana biyu, kuɗi za su fito. Ban yarda ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma ko da an kama shi, gidan Hajiya na nan babu rufi. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi da aka buɗe a Kano a 2019, wadda ba dole sai da lauya ba. Na riƙe ta a matsayin mataki na gaba. Amma mutumin da kake so ya dawo ya gama maka filasta da zuciya ɗaya, ba a fara masa da sammaci. Muka je wurin mai unguwa.

Mai unguwa bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Ya kira wani dattijon magini da ya daina hawa gini, ya ce a je gidan a gani da ido. Zaman da aka yi a tsakar gidan, a kan tabarma kusa da tarin yashi, shi ne abin da nake so duk mai shirin gyaran gida ya fahimta, don dattijon bai ɗauki miliyan 1 da dubu 600 a dunƙule ba. Ya ce a fasa ta gida-gida.

Gida na farko, siminti da rodi. Bambancin farashin buhu 90, daga 5,300 zuwa 9,500 da ya samo, ya kama 378,000. Na rodi 122,000. Dattijon ya duba takarda, ya dubi Injiniya, ya ce, "Ɗana, an ba ka kuɗin nan ranar da farashi yake ƙasa?" Ya ce an ba shi. Ya ce, "To wannan naka ne, ba na mai gida ba." Injiniya ya so ya yi magana, mai unguwa ya ɗaga masa hannu.

Gida na biyu, aikin da ba a gani ba sai da aka buɗe. A nan gaskiya tana wurinsa. Da aka cire tsohon kwano an tarar gara ta cinye katakon da muka yi zaton za a sake amfani da rabinsa, kana dannawa da yatsa yana burmawa. Bangon baya na kicin kuma ashe ba shi da tushen kirki, an ɗora shi ne a kan tsohuwar katanga, dole aka rushe aka haƙa. Babu wanda zai iya sanin wannan ranar ciniki. Ya nemi 700,000. Dattijon ya sa aka kawo tef, aka auna bangon, ya lissafa bulo 10 a kowace murabba'in mita, ya ƙirga katakon da aka sa, ya buga waya 'Yan Katako a Na'ibawa ya ji farashin ranar. Ya tsaya a kan 560,000. Na ce na yarda, haƙƙinsa ne.

Gida na uku shi ne mai wuya, wato kwano. Kuɗinsa na cikin kaso na biyu, wanda takarda ta ce zan bayar idan an gama linta. Ban bayar ba tukuna, saboda haka a zahiri tashin farashin ya faɗo a kaina. Amma da an gama linta a lokacin da aka yi alƙawari, da an sayi kwanon kafin ya tashi. Shi kuma ya ce ko da bai yi jinkiri ba, kwano ya riga ya fara hawa tun Janairu, kuma wannan ma gaskiya ne. An daɗe a kan wannan. Ƙarshe mai unguwa ya ce a raba ƙarin 400,000 da ya nema a kan kwanon gida biyu. Ban ji daɗi ba a lokacin, har yanzu ma ina ganin kasonsa ya kamata ya fi nawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na karɓa," saboda Hajiya tana zaune a gidan ƙanwata a Kabuga tana ƙirga kwanaki.

Ke nan daga miliyan 1 da dubu 600, abin da na ƙara 760,000 ne. Aka rubuta sabuwar takarda da sharuɗɗa uku da dattijon ya kawo. Sauran kaya ni zan je kasuwa tare da shi in biya da hannuna in karɓi rasit. Leburori za a sallame su kowace Alhamis a gabana. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikinsa zai zauna a wurina har rufin ya sha ruwan damina.

Zuwa kasuwa tare da shi ya ƙara min sanin ƙimarsa. A wurin masu kwano ya sa aka auna kaurin a gabana, don a takarda kaurin milimita 0.55 aka rubuta, kuma ya ce sau da yawa ana miƙa wa mai gida 0.45 a kuɗin 0.55. A Kofar Ruwa ya ƙi karɓar wasu wayoyin wuta masu araha, ya fere bakin ɗaya ya nuna min siririn jan ƙarfen da ke ciki. Mutum ne da ba ya yarda a cuci gini. Buhu 90 ɗin kuwa ya kawo su kashi-kashi, ya sayar da babur ɗinsa ɗaya kafin ya cika, kuma bai rage siminti a kwaɓi don ya fanshe asararsa ba. Na sa ido a kan wannan sosai.

Alƙawarin azumi bai cika ba. Hajiya ta yi azuminta da ƙaramar Sallah a Kabuga, sai a ƙarshen Afrilu ta koma ɗakinta. Wannan jinkirin ba a biya mu shi ba, kuma ba abin da za a iya biya ba ne ga tsohuwar da ta saba da maƙwabtanta da masallacin da take zuwa tarawihi.

Ga mai tambaya ko ya ba shi aiki: ba shi jinga, kuɗin hannu kawai. Ya rubuta maka jerin kaya, ku je kasuwa tare, kai ka biya, kayan su kwana a gidanka da makulli a hannunka. Kada kafin alƙalaminsa ya wuce abin da zai sallami yara na sati guda. Kuɗin aikinsa ya ɗan ɗara na wasu birkilolin da na tambaya a unguwa, kuma ya cancanci hakan. Ka kuma ware wani abu a gefe tun farko don abin da za a tarar a ƙarƙashin tsohon rufi, mu namu ya kusa kashi 8 cikin 100 na cinikin.

A watan Agusta da aka yi ruwa mai ƙarfi, wuri ɗaya ya yi yoyo, a mahaɗar rufin kicin da bangon falo. Na kira shi da safe, kafin la'asar ya zo da kafintansa da tsani. Suka ɗaga kwano biyu, suka gyara magudanar ruwan da aka sa a gurguje, suka canja allon silin ɗin da ya jiƙe, bai nemi kuɗin kaya ba. Bayan ruwa na gaba ya wuce ba tare da ɗigo ba, na tura masa cikon kuɗinsa ta banki.