Gidan kiwon ƙwari a Tsaunukan Cameron: ya ci kuɗinsa, amma sai ka yi tambaya

Duk ɗan Arewan da ke karatu ko aiki a Malesiya, da hutu ya zo sai an ba shi shawarar ya hau Tsaunukan Cameron a jihar Pahang, ya sha sanyi ya ga gonakin shayi. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne gidajen kiwon malam-buɗe-littafi da ke bakin hanya in an wuce garin Brinchang. Kan ɗaya daga cikinsu zan yi magana. Ba zan kama suna ba, don akwai inda zan yaba, akwai inda zan kushe.

Wurin ba wani babba ba ne. Rumfar raga ce mai furanni, a gefe ga akwatunan gilashi na kunamu da ƙadangaru. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Ni dai abin da ya kai ni shi ne ƙaton faɗa-wutan nan da ake kira Atlas, wanda masana ke kira Attacus atlas, kuma masanin halittu ɗan Sweden Carl Linnaeus ya fara bayyana shi tun 1758. Yana cikin mafiya girma a duniya, in ya buɗe fukafukai sukan kai santimita 24.

Na tarar da mace ɗaya maƙale a jikin raga, ko motsi ba ta yi. Launinta ja-ja ne mai ƙasa-ƙasa, kowane fiffike da wata 'yar taga mai kusurwa uku da ake hango bayanta. Ƙarshen fiffiken sama ya lanƙwashe ya yi siffar kan maciji, har da ɗigon ido. 'Yata ta ja da baya ta ce, "Baba, cizo yake yi?"

Ma'aikacin da ke tsaye, wani dattijo mai haƙuri, shi ya ba ta amsa: da me zai cije ki, bakin ma ba ya aiki. A nan hirar ta yi daɗi. Wannan halitta tun daga ranar da ta fito da fukafukai ba ta ƙara cin komai, ko ruwan fure. Kitsen da ta tara tana tsutsa shi take ƙonawa, sati ɗaya zuwa biyu ya ƙare ta mutu. Shi ya sa take wuni a kafe, don kowane bugun fiffike daga guzurinta ake cirewa. Da dare macen takan saki wani ƙamshi, namiji ya jiyo shi daga nesa da gashin kansa mai kama da gashin tsuntsu. Shi ƙarami ne a kanta, kuma shi ke yin tafiyar. Ita tana nan inda ta fito, cikinta ya yi nauyi da ƙwai.

Da ya ga muna son sani, sai ya kai mu wani lungu a baya inda suke renon tsutsotsin. Wallahi nan ne kuɗina ya biya. Ƙwan bai fi milimita biyu da rabi ba, ana manna shi a ƙarƙashin ganye, bayan kamar sati biyu ya ƙyanƙyashe. Tsutsar da ta girma kuwa ta fi babban yatsana kauri, tsawonta ya haura santimita 11. Kore ce mai haske, bayanta da ƙayoyi masu taushi, an bi ta da wani farin gari mai maiƙo. In ka yi shiru kana jin ƙarar cin ganyenta, ƙas-ƙas-ƙas, ba hutu. Ganyen lemo da gwaiba da kirfa duk abincinta ne. Tana ci fatar tana matse ta, ta saɓule ta sake wata, har ta ƙoshi. Daga nan sai ta naɗe ganye a jikinta, ta saƙa jakar siliki, ta ɗaure ta a reshe don kada ta faɗo. Kusan wata guda take yi a ciki.

Ya ɗora mini tsohuwar jaka a hannu. Ba nauyi, amma na ja ta ƙi yagewa. Launinta da kaushinta sun tuna mini zaren tsamiya da masu ɗinkin hannu ke yi wa babbar riga aiki da shi. Fagara ake kiran wannan siliki, kuma bai yi kasuwa sosai ba saboda zaren guntu-guntu yake fitowa, ba ya warwaruwa dogo irin na tsutsar siliki ta gida.

To ga inda na ji haushi. Duk wannan bayani babu shi a allon da ke jikin raga, suna kawai aka rubuta. Wanda bai yi tambaya ba zai ɗauki hoto ya fita bai san dawar garin ba. Na biyu ya fi ci mini rai: wani matashin ma'aikaci yana ciro namiji ɗaya yana ɗora wa baƙi a kafaɗa don hoto, daga wannan sai wancan. Gefen fukafukansa duk sun tsattsage, hodar jikinsu ta goge. Abin da ba ya wuce sati biyu da fukafukai a duniya, kuma ba ya cin abinci ya mayar da ƙarfi, ai bai kamata a riƙa wahalar da shi haka ba. Da ya miƙo mana na ce a bar shi.

Duk da haka ina ba da shawarar zuwa, musamman ga mai yara 'yan makaranta. Ku je da safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin, kuma ku guji ƙarshen mako don hanyar Brinchang cunkushewa take yi. Tun a ƙofa ku tambaya ko akwai Atlas da ya fito a satin, tunda ba kullum ake dacewa ba, sannan ku roƙi a nuna muku tsutsotsin. In ta hanyar Tapah za ku hau, mai amai a mota ya sha magani tun a ƙasa, kwanoninta ba wasa.