Abin da za ka saya don gyara pH a noman ruwa, da abin da za ka bari a kanti

Noman ruwa, wato shuka ba tare da ƙasa ba, ya fara shiga gidajen 'yan'uwanmu a Jidda da Makka da Riyad. Wani ya jera bututu a saman bene ya zuba latas da jarjir (wani ganyen salak mai ɗan yaji) da na'ana'a, wata Hajiya ta ajiye bokitai a baranda tana gwada alayyafo da lalo. Kukan da aka fi ji kuwa ɗaya ne: sabon ganye yana fitowa rawaya, jijiyoyinsa kawai suka rage kore, an ƙara taki amma shiru. Yawanci takin yana nan cikin ruwan, saiwa ce ta kasa ɗaukarsa saboda pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya hau.

Ma'aunin pH yana tafiya daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa ne, kamar dai yadda mai girki ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsaminta. Yawancin kayan lambu a noman ruwa sun fi son tsakanin 5.5 da 6.5. Idan ya wuce haka, sinadarin ƙarfe da manganis sukan daina narkewa, fosforas kuma ya haɗe da kalsiyam su kwanta a gindin tanki. Idan ya sauka ƙasa da 5, shukar na shan wahalar samun kalsiyam da magnisiyam. Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗe ka: ruwan da ke kan 6 ya fi na kan 7 tsami sau goma.

Kafin ka kashe riyal ɗaya a kan na'ura, san ruwanka, domin shi zai faɗa maka sauran sayayyar. Ruwan famfon Jidda da Makka galibi daga tashar tace ruwan teku ta Shu'aiba yake zuwa, na Madina daga Yanbu, na Riyad kuwa daga Jubail da Ras al-Khair ake turo shi a gauraya da na rijiyoyi. Ruwan tahliya, wato na tekun da aka cire wa gishiri, akan mayar masa da ɗan ma'adini bayan an tace shi don kada ya cinye bututu, shi ya sa za ka auna ka ga ya haura 7. Amma lambar da ka gani ba ita ce duka labarin ba. Abin da ke wahalar da mai noma shi ne yawan bikabonet da ke cikin ruwan, wanda shi ke shanye asid ya mayar da pH sama bayan ka saukar da shi. Ruwa biyu za su iya nuna 7.8 duka, ɗaya ɗigo kaɗan ya ishe shi, ɗayan sai ka yi ta zubawa. Ruwan rijiyar gona ko na wayit, wato tankar ruwa, da ba ka san inda aka ɗebo shi ba, shi ya fi wannan hali.

Saboda haka abu na farko da nake ba da shawarar a saya shi ne ɗan kwalbar gwajin KH, wato mai auna yawan bikabonet ɗin nan, da ake sayarwa a shagunan kifin ado. Ba shi da tsada. Za ka ɗebi ruwa mililita 5 a 'yar kwalbar gwaji, kana ɗiga maganin kana ƙirgawa har launi ya juya. A yawancinsu kowane ɗigo daraja ɗaya ce, kusan miligiram 18 a lita. Idan ya juya a ɗigo uku ko huɗu, ruwanka mai sauƙin kai ne. Idan ya kai takwas ko goma, gara ka riƙa sirka shi da ruwan da aka tace ta na'urar RO, irin ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko ta shagunan cika jarka, da ka ƙare kuɗinka a kan asid. Wasu na tara ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ba shi da gishiri, gaskiya ne, amma ba shi da abin da zai riƙe pH wuri ɗaya, sai ya yi ta hawa da sauka. A sirka shi da na famfo.

Sai abin awo. Takardar gwaji ita ce mafi arha, kuma ita ce na fi raina wa: bambanta 5.8 da 6.5 da ido a kan 'yar takarda aiki ne, ga laimar Jidda da ke lalata ta tun tana cikin kwali. Maganin ɗigawa mai sauya launi ya fi ta nesa ba kusa ba. Ba ya son batir, ba ya son saiti, kwalba ɗaya takan daɗe, kuma yana nuna maka lamba da kuskuren da bai wuce rabin maki ba. Ga mai bokiti biyu ko uku na latas, wannan ya wadatar. Inda yake gazawa shi ne idan takinka ya rina ruwan, ko kana dubawa da dare a ƙarƙashin fitila mai rawaya.

Na'ura mai kama da biro kuwa kashi biyu ce, kuma a nan aka fi asarar kuɗi. Akwai masu arha, galibi ruwan ɗorawa, da suka cika shagunan intanet a kan 'yan gomomin riyal. Suna zuwa da 'yan ƙunshin gari masu lamba 4.01 da 6.86 da 9.18, kowanne a narkar da shi a ruwa tatacce mililita 250 don saita na'urar. Da farko sukan yi daidai. Matsalarsu ita ce murfinsu ba ya riƙe laima, ƙwayar gilashin da ke bakin takan bushe, sai na'urar ta fara ba ka lamba da cikakken tabbaci alhali ƙarya take yi. Maganin ɗigawa idan ya ruɗe ka, ka san ka ruɗe. Wannan kuwa sai ganye ya tona mata asiri. Akwai kuma na kamfanoni irin su Bluelab da Hanna da Apera da Milwaukee, waɗanda ke kaiwa ɗaruruwan riyal. Sunan kamfani bai dame ni ba kamar abubuwa uku: ta riƙa gyara awonta da kanta gwargwadon zafin ruwa, wanda za ka ga an rubuta ATC a kwalinta, kada ruwa ya shige ta, sannan a iya cire bakin a sa sabo. Wannan na ƙarshe shi ne babba, domin bakin kowace irin na'ura yakan gaji cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma zafi na ƙara masa saurin tsufa. Wanda ya manta da ita a mota da azahar a watan Yuli ya gama da ita.

Duk wadda ka zaɓa, ka sayo ta tare da ruwan saiti na 7 da na 4, da ruwan ajiya mai KCl, wato wani gishirin potasiyam da ke hana bakin bushewa. Mai shago ba lallai ya tuna maka ba. Bayan kowane awo a ɗauraye bakin, a ɗiga ruwan ajiya a murfi, a rufe. Farin gishirin da ke taruwa a gefen murfin ba lalacewa ba ce, a wanke kawai. Abin da ke kashe ta shi ne a jiƙa ta a ruwa tatacce da sunan tsabta. Saiti sau ɗaya ko biyu a wata ya isa. Idan ka san ba za ka iya wannan hidimar ba, tsaya a kan maganin ɗigawa, ba abin kunya ba ne.

A ɓangaren saukar da pH, abin da ake sayarwa da sunan pH Down galibi asid ɗin fosforik ne. Shi na fi yarda da shi ga mai noman gida: yana riƙe lamba, yana da sauƙin samu a shagunan kayan noma, kuma bai kai sauran haɗari ba. Sai dai fosforas yake ƙarawa, don haka mai ruwa mai yawan bikabonet da ke zuba shi da yawa zai iya cika tankinsa da fosforas har ya tare wa shuka ƙarfe da zinki. Manyan gidajen noma na amfani da asid ɗin naitirik ko salfurik, amma waɗannan suna ƙona fata da ido, ba kayan gidan da yara ke yawo ba ne. Gishirin lemo da ake samu a kowace bagala, wato kantin unguwa, da khal, wato ruwan binega, suna saukar da pH nan take, amma ƙwayoyin halitta na cinye su, cikin kwana ɗaya ko biyu lamba ta koma inda take, ruwan ma ya fara yauƙi idan akwai zafi. Na gaggawa ne kawai.

Yadda ake zubawa ma yana da tsari. A fara haɗa taki tukuna, domin shi kansa yakan saukar da pH. Sai a ja asid kaɗan da sirinji, a zuba shi cikin kofin ruwa, ba a zuba ruwa a kan asid ba, a juye a tanki, a bar famfo ya juya shi kamar minti ashirin kafin a sake awo. A sa safar hannu da tabarau.

Maganin ɗaga pH kuwa, yawancinmu a nan ba mu da bukatarsa. Ruwanmu sama yake ja, kuma shuka idan tana shan naitiret ita ma sama take tura shi. Idan ka zarce da asid, ƙara ruwan famfo. Kada a jefa kanwar girki ko sodar yin burodi (baking soda), sodiyam ne a cikinsu, kuma gishiri ne babban abokin gabar mai noma a ƙasar nan.

Akwai sayayya ɗaya da ba a cika lura da ita ba: irin ƙarfen da ke cikin takinka. Juya leda ka karanta. Idan an rubuta EDTA, yana fara sakin ƙarfen da zarar pH ya wuce 6.5. DTPA yana jurewa har wajen 7. EDDHA, wanda ke mayar da ruwa ja kamar zoɓo, yana aiki ko da pH ya kai 9. Ya fi tsada, amma kaɗan ake sawa, kuma ga wanda aiki ke hana shi duba tanki kullum, shi ne ke ceton latas. Sai dai ka tuna jan launin zai hana ka karanta maganin ɗigawa, dole ka koma kan na'ura.

Na'urar da ke auna ruwa ta ɗiga asid da kanta, ta mai gidan noma ce ko mai babbar istiraha, wato gidan hutawa mai lambu, da ke sayar da amfaninsa. Ita ma da baki irin na biron take awo, idan ya kauce ba a saita ba, asid za ta yi ta turawa har ta ƙona saiwa. Mai noman bene gara ya sa kuɗin a tanki babba mai murfi da zai ajiye a inuwa, domin ruwa mai yawa ba ya saurin sauya pH, kuma idan zafinsa ya doshi digiri 30 iskar da ke cikinsa na raguwa, saiwa ta fara ruɓewa ko da lambarka na kan 6 daidai.